Bambancin ba da labari da yin nazari a aikin kwas

Malam, ka tambayi abin da malamin tarihi yake nufi da ya rubuta a gefen takardarka cewa labari ka bayar, ba nazari ba. Idan aka ce ka tattauna musabbabin juyin juya halin Faransa na 1789, jero abubuwan da suka faru bi da bi ba zai gamsar da shi ba, domin ya riga ya san su. So yake ka ɗauki matsayi tun daga sakin layi na farko, misali ka ce bashin da ya yi wa gwamnatin Sarki Louis na 16 katutu ya fi tsadar burodi tasiri, sannan ka kawo hujja, ka kuma ba masu ganin akasin haka amsa, wanda a ganina nan ne yawancin ɗalibai suke kasawa.