Wa Zai Yi Mini Shaidar Sa Hannu a Takardar Sabon Gida a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Mancesta ne a Ingila. Ni da maiɗakina mun haɗa kuɗi za mu sayi sashe guda a wani sabon bene, irin cinikin nan na hayar dogon zango, shekara 250. Lauya ya aiko da takardu, ya ce kowannenmu ya sa hannu a gaban shaida. Ina iya yi wa matata shaida ita ma ta yi mini? In bai yiwu ba, akwai maƙwabciyarmu Baturiya, Kirista ce, mace ɗaya kuma. Hankalina bai kwanta ba, domin na san Alƙur'ani ya ce maza biyu. Wani aminina a Landan ya ce in sa hannu yana kallo ta kiran bidiyo, in aika masa ta gidan waya ya cike gurbin shaida. Wanne ya fi dacewa da Musulmi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa gidan ya zama na alheri. Ɗan'uwa, hanyar da ka fi jin tsoro ita ce halal ɗin, wadda kuma ta fi kwanta maka a rai ita ce ba ta halatta ba. Ka kira maƙwabciyar nan ta yi muku shaida, ka ba aminin naka haƙuri.

Ayar da kake nufi ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Allah ya yi umarni da a rubuta bashi, a kafa shaidu biyu daga maza, in babu sai namiji ɗaya da mata biyu, sannan ya ce a kafa shaida idan an yi ciniki. Jumhurun malamai, har da Imam Malik, sun ɗauki wannan umarni a matsayin shiryarwa da mustahabbi, ba sharaɗin ingancin ciniki ba. Hujjarsu ita ce ayar da ke biye, inda aka ce idan sashenku ya amince da sashe, wanda aka amince masa ya mayar da amanarsa. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya sayi doki a hannun wani baƙauye ba tare da shaida ba, har mutumin ya zo yana musu, Khuzaima ɗan Sabit ya tsaya ya yi shaida. Ibn Hazm da Ɗabari sun ga wajibi ne, amma maganar jumhur ta fi ƙarfi. Don haka cinikinku ya ƙullu da yardar juna, da sanin kaya, da sanin farashi. Ba kamar aure ba ne da sai da shaidu adalai biyu.

To gurbin shaidar da ke kan takardar lauya fa? Wannan buƙatar dokar ƙasar ce. A Ingila da Wales, hayar da ta wuce shekara 3 sai an yi ta da takarda ta musamman mai ƙarfin doka, wadda ta haura shekara 7 kuma sai an yi mata rajista a hukumar rajistar filaye. Dokar kadarori ta 1989 ta ce mutum ya sa hannu a gaban shaida, shaidan kuma ya sa nasa hannu yana tabbatar da ya gani. Shaida ɗaya ya isa. Ba a tambayar addininsa ko jinsinsa, ba a ma buƙatar ya karanta abin da ke ciki. Aikinsa kawai ya ga alƙalami a hannunka yana tafiya a kan takarda, sannan ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa da adireshinsa. Ka shiga ƙasar da alƙawarin bin dokarta, kuma babu saɓon Allah a cikin wannan tsari, hasali ma tsare dukiya ne, wanda shi ne manufar ayar tun farko. Binsa ya zama dole a kanka.

Game da kasancewarta ba Musulma ba, gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba ya yanke hukunci a kan Musulmi da shaidar wanda ba Musulmi ba. Amma wannan magana ce ta bayar da shaida a gaban alƙalin shari'a, takardar nan kuwa in rigima ta taso kotun Ingila za ta je. Ko a cikin fiƙihun ma ƙofar ba a rufe take ruf ba: aya ta 106 a Suratul Ma'ida ta ambaci shaidar mutum biyu waɗanda ba daga cikinku ba a kan wasiyyar matafiyi, Imam Ahmad ya yi aiki da ita, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka faɗaɗa ta zuwa wuraren lalura. In kana son ladan aiki da ayar Baƙara, ka zaunar da Musulmi biyu adalai su ma su gani da idonsu, ko da sunansu bai hau takarda ba. Wannan ƙari ne mai kyau.

Matarka kuwa ba za ta yi maka ba, kai ma ba za ka yi mata ba. Sunanku duka biyu na cikin yarjejeniyar, kuma a dokar can wanda ke cikin yarjejeniya ba ya zama shaidarta. Da a ce sunanta ba ya ciki, doka ba ta hana ta kai tsaye ba, amma lauyoyi na guje wa hakan, masu ba da kuɗin sayen gida ma galibi suna neman wanda ba dangi ba. Malamanmu sun riga su a nan. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya faɗi cewa shaidar ɗa ga iyaye ba ta halatta, haka tasu gare shi, haka ta miji ga mata da ta mata ga miji, saboda tuhuma. Ya halatta ta ɗan'uwa adali ga ɗan'uwansa, amma a wannan takarda gara ka nemi bare, baligi da ya kai shekara 18, mai hankali, wanda ba shi da ko sisin kwabo a cinikin. Mutum ɗaya yana iya yi muku ku biyu, sai dai ya sa hannu daban a ƙarƙashin na kowa. Gurbin kwanan wata kuma ku bar shi yadda lauya ya ce, domin yawanci shi ke cikewa ranar da aka kammala ciniki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, shawarar aminin nan naka. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma duba kalmomin da zai sa hannu a ƙarƙashinsu: suna cewa an sa wannan hannu a gabansa. Shi yana Landan, kai kana Mancesta. Hukumar da ke bitar dokokin Ingila ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa sai shaida yana wurin da jikinsa, kallo ta allo bai wadatar ba. Ke nan abin da zai rubuta ba gaskiya ba ne a ma'anar da masu karɓar takardar za su fahimta, shi kuma ya san haka. Wannan ita ce shaidar zur, ko da ba wanda aka cuta a ranar. A hadisin Abu Bakra da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan maganar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. 'Yan'uwan Annabi Yusuf ma cewa suka yi ba mu yi shaida ba sai da abin da muka sani. Ina ganin mutanenmu suna ɗaukar wannan da wasa, a miƙo wa mutum takarda a bakin masallaci bayan Juma'a a ce "ɗan sa mini hannu nan", ya sa don kunya. Kunya ba ta halatta ƙarya. Ga kuma hatsarin duniya: takardar da ba a yi wa shaida daidai ba hukumar rajista na iya ƙin karɓarta, ko wani ya tono zancen ranar da za ku sayar ko ranar rabon gado.

Abu na ƙarshe, ka duba ambulan ɗin da kyau. Sau da yawa takardar jinginar banki tana zuwa tare da ta hayar, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. In bashin mai ruwa ne, hadisin Jabir a Muslim ya haɗa mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu a cikin la'ana. Majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame a 1999 ga mai matsananciyar buƙatar muhalli, malamai da yawa kuma ba su bi ta ba. Duk wanda za ka kira, ka gaya masa wace takarda ce yake yi wa shaida, kada ka cusa masa ita a tsakiyar sauran. In da irin wannan bashi za ku saya, ka sake rubuto mini da bayanin yarjejeniyar kafin ku sa hannu. Wallahu a'alam.