Mun hutar da Hajiya, ga shi ta kasa tashi daga tabarma

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu shekararta 72. Da Baba ya rasu shekara huɗu da suka wuce, muka ɗauko ta daga Zariya ta dawo gidana. Muka ce ta sha wahala da mu, yanzu lokacin hutunta ne. Muka ɗaukar mata yarinya, ko tsintsiya ba ma bari ta taɓa. Da can ita ke surfenta, ita ke wankinta, da ƙafa take zuwa kasuwa. Yanzu in ta zauna a tabarma sai an kama ta, salla ma ta koma yi a kujera, kuma watan jiya ta zame a banɗaki, Allah ya tsare ba karaya. A asibiti an ce hawan jini ne kawai ke gare ta, kuma yana jin magani. Tsufa ne ya zo ke nan, ko akwai maganin ƙarfin jiki da za mu saya mata?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ke kuma ya ba ki masu yi miki kamar yadda kike yi wa Hajiya. Zan faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba: hutun nan da kuka ba ta yana cikin abin da ya kashe mata ƙafa. Ba laifi nake ɗora miki ba. Ni da nake aikin gashi a asibiti, wato jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki, haka na yi wa tawa mahaifiyar a Tudun Wada, sai da na ga tana dafa bango kafin ta kai ƙofar ɗaki sannan na farga.

Tsokar jikin mutum tana fara raguwa tun daga wajen shekara 30, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, in an haye 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. Wannan kam tsufa ne, ba wanda ya tsira. Amma saurin raguwar ya danganta da aikin da ake ba tsokar. Ki tuna rayuwar Hajiya a Zariya. Taɓarya tana aikin damtse da baya. Jan guga haka. Tsuguno gaban murhu da miƙewa aikin cinya ne. Ko salla, wadda ibada ce ba atisaye ba, mai yin ta a tsaye yana tasowa daga ƙasa sau 17 a rana a farilla kaɗai. Duk wannan aka ɗauke mata a 'yan shekaru. Tsokar cinya ita ke ɗaga mutum daga zaune, ita ke tare shi in ya yi tuntuɓe, kuma tana saurin zubewa in aka bar ta ba aiki. In ta yi rauni tashi ya yi wuya, in tashi ya yi wuya mutum ya rage tashi, raunin ya ƙaru. Faɗuwa ɗaya kuma tana sa tsoro, tsoron ya ƙara zaunar da mutum.

Abin da nake so ki riƙe shi ne ƙarfin yana dawowa. A 1990 Dakta Maria Fiatarone da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka suka ɗauki tsofaffi 10 a gidan kula da tsofaffi, masu shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara suka kai ƙarshe, kuma ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Wasunsu sun isa su haifi Hajiya. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ba ta tsaya ga tafiya ba: ta ce a yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, a kuma yi motsin da ya haɗa ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku, don kare faɗuwa.

Ki fara da gwaji. Ki samo kujerar katako mai ƙwari, wadda in Hajiya ta zauna tafin ƙafarta zai dafe ƙasa, ki jingina ta da bango. Kada ki yi da kujerar roba, tana zamewa a kan tayil, ƙafarta ma tana iya buɗewa. Hajiya ta harɗe hannu a ƙirji, ta miƙe tsaye sosai ta koma ta zauna, ke kina gefenta kina ƙirga sau nawa za ta yi a daƙiƙa 30. Mace mai shekara 70 zuwa 74 da ta kasa kai 10 tana cikin haɗarin faɗuwa. In ma ta kasa ko ɗaya sai da hannu, ba komai, daga nan za mu tashi. Ki rubuta adadin da ranar a bayan kalanda.

Gwajin nan shi ne kuma babban maganin. Ta tashi ta zauna sau biyar, ta huta, ta sake biyar. In sai da dafawa, ta dafa cinya, ko ki ɗora filo a kujerar ta ƙara tsawo. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne zaman: kada ta faɗa kan kujera jagwab, ta sauka a hankali kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono. Rabin amfanin a saukar yake. Bayan nan ta riƙe ƙarfen taga ta ɗaga dunduniya ta tsaya a kan yatsu, ta sauke, sau goma. Ta dafa bango da hannu biyu, ta kai ƙirji kusa da shi ta tura kanta baya. Ta ɗauki gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, nauyinta kilo ɗaya da rabi ke nan, ta naɗe hannu ta miƙe shi. Na ƙarshe, tana riƙe da tagar, ta sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, ta tsaya ta ƙirga goma, ta sauya. Duka bai wuce minti ashirin ba. Litinin, Laraba da Asabar sun isa, a bar kwana a tsakani saboda a lokacin hutun ne tsoka ke ginuwa.

In tashi 12 ya zama ba ya ba ta wahala, a ƙara. A cire filon, ta daina dafawa, ta rungumi mudun shinkafa a leda ta tashi da shi, daga baya a koma kujera mai gajarta. Nan ne iyalai da yawa suke tsayawa, su shekara suna maimaita abu ɗaya mai sauƙi suna mamakin rashin canji. Dole tashi biyun ƙarshe su ɗan yi mata nauyi, in ba haka ba jiki ba ya ganin dalilin ƙara ƙarfi. Tashi daga tabarma shi ne zai zo a ƙarshe, kuma ana koyonsa: ta juya gefe, ta durƙusa, ta dafa kujera, ta kafa ƙafa mai ƙarfin, ta miƙe. Sallar tsaye kada a matsa mata, addini ya yi sauƙi ga wanda bai iya ba, in ƙafar ta dawo ita da kanta za ta ture kujerar.

Saboda hawan jinin, ta riƙa ƙirga da baki tana yi, don kada ta riƙe numfashi ta yi nishi, wannan na ɗaga jini. Kafin ku fara ki gaya wa likitanta, ki kuma faɗa masa zancen zamewar, domin wasu magungunan hawan jini suna sa jiri in an miƙe da sauri. In ta ji ciwon ƙirji, jiri, ko haki ya hana ta magana, a tsaya a tafi asibiti. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Suka a cikin gaɓa ko kumburi kuwa alama ce an wuce gona da iri.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ta yarda. Mahaifiyata da na kawo mata zancen motsa jiki ta ƙi sam, a ganinta abin yara ne da sojoji. Abin da ya yi aiki shi ne na mayar mata da kajinta da sharar ɗakinta, na daina aika yara su ɗauko mata buta, na kuma sa jikarta ta zama mai ƙirga mata tashi da zama bayan la'asar. Abin da ta ƙi yi don ni ta yi don yarinyar. Ki mayar wa Hajiya da wani aikin da zai zama nata: shanya, tsintar wake, raka yara Islamiyya a dawo. Masu zuwa gidan za su yi magana, za su ce kin sa tsohuwa aiki ga 'yar aiki zaune. Ki daure. Babu uwar da ke son 'yarta ta kai ta banɗaki ta tsaya a kanta, ko da ba ta faɗa ba, kuma wannan mutuncin kike kare mata.

Banɗakin ma a gyara: a kafa ƙarfen riƙo a bango, a sa fitila mai haske, a daina barin ruwan sabulu a tayil, a yar da silifas ɗin da ya cinye. A duba mata ido, ga Asibitin Ido na Ƙasa nan cikin Kaduna, don yanar ido tana kayar da tsofaffi da yawa. Maganin ƙarfin jiki kuwa, babu ruwan kwalba ko ƙwayar da ke gina tsoka mutum na zaune. Kuɗin ki saya mata ƙwai, kifi, kindirmo, wake, awara da gyaɗa, a riƙa samun ɗaya a kowane cin abinci, ba koko da tuwo kaɗai ba, sai in likita ya ce ƙodarta na da matsala. Bayan mako takwas ki sake gwajin daƙiƙa 30 ɗin ki rubuto mini adadin.

Tambaya: Salamu alaikum 'yata. Shekarata 68, na yi ritaya daga masaƙa a Kakuri. Kullum bayan asuba ina zagaya Dandalin Murtala na kusan minti arba'in. Bana yara sun biya mini kujerar Makka. Damuwata gwiwa, in zan hau bene ko in tashi daga tahiya sai ta yi ƙara ta yi ciwo, an ce sanyin ƙashi ne. Tafiyar da nake yi ta wadatar?
Daga wani dattijo, Kabala, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada, ku sa mu a addu'a. Tafiyarku kada ku bari, ta ma haura minti 150 a mako da ake so, kuma zuciya da suga da barci duk suna amfana. Sai dai tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ba ta ƙara wa cinya ƙarfi sosai, kuma gwiwa mai ciwo cinya ce garkuwarta. In tsokar gaban cinya ta yi ƙarfi, tana ɗauke wa gaɓar wani nauyi, ciwon ya ragu. Ƙarar da take yi ita kaɗai ba abin tsoro ba ce.

Ku ƙara abu uku, kwana uku a mako. Tashi da zama a kujera kamar yadda na bayyana a sama. Sai ku zauna ku miƙe ƙafa ɗaya sambal, ku riƙe ku ƙirga biyar, ku sauke a hankali, goma kowace ƙafa. Sai matakala ɗaya ta dakalin gida, kuna dafe da bango, ku hau ku sauka. Ciwo kaɗan lokacin yi ba laifi, matuƙar ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya wuni ko gwiwar ta kumbura, ku rage yawan, kada ku daina ɗungurungum.

Hajji aikin ƙafa ne. Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita uku ne, ga ɗawafi, ga zuwa jifa cikin zafi da cunkoso. Saboda haka sau ɗaya a mako ku tsawaita tafiyar, da takalmin da za ku tafi da shi. Abu ɗaya nake roƙonku: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ana sha kullum suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Ku je sashen gashi a duba gwiwar tun yanzu, kada a bari sai an kira ku sansanin alhazai na Mando.

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya yi kwana 12 a gadon asibiti da ciwon huhu. An sallame shi, ya warke, amma da ƙafarsa ya shiga, yanzu sai mutum biyu sun riƙe shi. Mu bar shi ya kwanta har ƙarfinsa ya dawo?
Daga wani mai karatu, Rigasa, Kaduna

Amsa: A'a ɗan'uwa, kwanciyar ce ta ɗauke ƙarfin, ba ita za ta dawo da shi ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya lau da aka kwantar kwana 10 sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, balle wanda ciwo ya kwantar. Ku fara yau. Ya zauna a bakin gado minti biyu kafin ya miƙe, saboda jiri. Ya ci abinci a zaune a kujera, ba a kishingiɗe ba. Sau uku ko huɗu a rana ku tsayar da shi, ku taka da shi zuwa ƙofar ɗaki, gobe tsakar gida, jibi zaure. Ku riƙe shi ta ƙugu, kada ku ja shi ta hammata, kuma ku bar shi ya yi iyakar abin da zai iya kafin ku taimaka. Amma in kun ga raunin a ɓari ɗaya yake, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sake yin wuya, wannan ba na gida ba ne, ku mayar da shi asibiti a take. In mako biyu suka wuce bai fara zuwa banɗaki da mutum ɗaya ba, ku nemi likitansa ya rubuta muku takardar zuwa sashen gashi.