Tambaya da Amsa: Gyaran Mariƙin Sandar Fatsa

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan karo sun taru ne a kan mariƙin sandar fatsa, kuma yawancinsu sun fito daga masu zuwa bakin Kogin Kaduna da madatsar ruwa ta Kangimi. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani sauran masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da sandar fatsa ta faiba mai tsawon mita 2.7, wadda na saya ta hannu tare da injin naɗe zarenta. Duk ranar da na yini ina jifa a bakin kogi, sai wuyan hannuna ya kama ciwo, kuma ina jin kan sandar yana rinjayata zuwa ƙasa. Wani abokina ya ce in narka darma in ɗura a gindinta. Shin hakan daidai ne?
Isiyaku, Kabala Doki

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Abokinka ya gano cutar, amma maganin da ya ba ka zai kashe sandar. Sandar faiba zaruruwan gilashi ne da aka haɗe da wani irin gam mai tauri, kuma darma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 300, wanda ya fi ƙarfin wannan gam nesa ba kusa ba. Idan ka ɗura ta da zafinta, gindin zai ƙone daga ciki, ya yi laushi, ya karye ranar da ka fi bukatarsa. Ban da haka, darma guba ce, tururinta da ƙurarta suna cutar da jiki, musamman na yara, don haka ba abin narkawa a tsakar gida ba ne.

Kafin ka ƙara wa sandar komai, ka fara gano inda nauyinta ya tsaya. Ka haɗa ta yadda kake fita da ita, da injin a ɗaure, zaren kuma ya ratsa duk zobban, sannan ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya kana matsawa har ta tsaya ba ta karkata gaba ko baya ba. Ka sa alama a wurin da ɗan salatif. Idan alamar ta faɗo a kan mazaunin injin ko yatsu biyu zuwa uku a gabansa, sandarka ba ta da laifi, sai a nemi dalilin ciwon a wani wuri. Idan kuwa ta yi gaba da taƙi guda ko fiye, to wuyan hannunka ne yake biyan wannan tazara tun safe har yamma, domin shi ke hana kan sandar faɗuwa.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ina so ka yi shi da kanka, saboda shi zai hana ka wuce gona da iri. A ce sandar da injinta sun kai giram 300, alamar tana santimita 10 a gaban inda kake riƙewa, ƙarshen gindin kuma yana santimita 30 a bayan hannunka. Ka ninka 300 sau 10, ka raba da 30, za ka sami giram 100. Wannan shi ne nauyin da za ka ɗaura a ƙarshen gindi kafin sandar ta daidaita cif a tafin hannunka, kuma ka ga ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin kayan gaba ɗaya. Wuyan hannu zai huta, amma kafaɗa za ta ɗauki kayan, kuma sanda mai nauyi ba ta isar da ɗan motsin da karfasa ke yi idan tana taɓa abincin ƙugiya. Shi ya sa ba na goyon bayan neman daidaito cikakke. A misalin nan, giram 30 kaɗai zai janyo alamar daga santimita 10 zuwa kusan 6, kuma hannu yana jin wannan bambanci sarai.

Lissafin ya nuna wani abu kuma: da gindin ya kai santimita 40 a bayan hannu, da giram 75 ya wadatar maimakon 100. Wato duk nauyin da za ka ƙara, ka sa shi can ƙarshen gindi, kada ka tura shi cikin sandar, inda zai ƙara kaya ba tare da ya yi aiki ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka nemi robar nan da ake sa wa ƙafar kujerar ƙarfe, wadda ta yi daidai da kaurin gindin, ka zuba washa biyu ko uku, wato ƙananan faifayen ƙarfe masu rami a tsakiya, a cikinta, ka tura ta. Duka biyun ana samunsu a kasuwar Panteka ta Kaduna da ɗan kuɗi kaɗan. Kada ka sa gam tukuna. Ka fita da ita yini guda, ka rage ko ka ƙara washa, sai ranar da ka gamsu sannan ka liƙe.

Ka kuma lura da irin fatsar da kake yi. Mai jifa yana janyowa ba hutawa shi ne daidaito ya fi shafa. Wanda yake sa tana ko hanjin kaza, ya jefa, ya jingina sandar a kan reshe mai gwafa yana jiran tarwaɗa, nauyin gindi ba zai amfane shi da komai ba. Idan kuma ciwon ya zo da mutuwar yatsu, har yana tashinka cikin dare, ka ga likita, domin wannan ya wuce abin da gyaran sanda zai magance.

TAMBAYA: Soson da ke mariƙin sandata ya zaizaye, ya sirance, kuma da zarar na taɓa tarwaɗa sai yauƙinta ya sa sandar tana zamewa. Wasu sun ce in naɗe da robar tub ɗin keke, wasu sun ce in kai wa baduku ya ɗinka mini fata. Wanne ya fi?
Nasiru, Tudun Wada

AMSA: Ɗan'uwa Nasiru, ka fara da kauri kafin ka zo kan abin naɗi, domin mariƙin da ya sirance yana tilasta wa mutum matse hannu fiye da kima, kuma daga nan gajiyar yatsu take farawa. Manomi ba ya karɓar ƙotar fartanya sai ya jinjina ta a hannunsa ya ji ta zauna, kuma mai fatsa ya kamata ya yi wa sandarsa wannan gwajin. Ka riƙe mariƙin ba tare da ka matse ba. Idan kan yatsunka ya kusa taɓa tudun babban yatsa, kaurin ya yi. Idan farce yana nutsewa cikin tafin hannu, ya yi siriri. Ga yawancin manya, kauri tsakanin santimita 2.5 da 3 yakan dace, amma hannunka ne alƙali, ba ma'auni ba. Ka naɗa tsumma ka ɗaure na ɗan lokaci har ka gano kaurin da ya yi maka.

Robar tub tana da arha, ba ta shan ruwa, kuma tana riƙe hannu a farko. Matsalarta ranar Kaduna ce: bayan ta sha zafin Maris da Afrilu sai ta fara tsagewa, tana danƙo, tana bar wa tafin hannu baƙi, kuma idan yauƙi ya hau ta, santsinta bai rage komai ba. Amfaninta na gaskiya shi ne a yi ciko da ita daga ciki domin ƙara kauri, a rufe ta da wani abu. Fata kuwa ta fi kowanne kyau a ido, kuma badukanmu sun iya ɗinkin da zai zauna ɗas, amma ba a yi ta domin ruwa ba. Tana jiƙewa ta saki, ta bushe ta ƙandare, da damina kuma ta yi fumfuna ta riƙe ƙarnin kifi. Zan yarda da ita ne kawai a can ƙarshen gindi, inda hannu mai danshi ba ya yawan zuwa.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne naɗin igiya, irin zaren nailan mai kauri da masunta ke gyaran taru da shi, ko wanda magina ke ja. Tsakanin kowane zagaye da mai bi masa akwai ɗan kwari da ruwa da yauƙi ke shiga, sai yatsu su sami abin kamawa. Ga yadda ake yi. Ka wanke mariƙin da sabulu ya bushe sarai, ka cike wuraren da suka zaizaye da robar tub. Ka kwantar da bakin zaren a kan mariƙin, ka fara naɗi a kansa domin ya danne kansa, kana ja da ƙarfi, kana tura kowane zagaye da farce ya manne da ɗan'uwansa ba tare da ya hau shi ba. Idan saura zagaye shida ko bakwai ka gama, ka ninka wani guntun zare ya zama hanci, ka kwantar da shi, ka ci gaba da naɗi a kansa. Da ka kai ƙarshe, ka zura bakin zarenka cikin hancin, ka fizgo guntun ta baya, sai bakin ya shige ƙarƙashin naɗin ya ɓace, ba ƙulli ko ɗaya da zai ci maka hannu. Ka ɗiga gam a farko da ƙarshe kawai. Masu shafe naɗin duka da gam ko fenti suna cike kwarin da aka yi aikin dominsa, sai santsin ya dawo.

Akwai kuma robar nan ta masu aikin lantarki, wadda take tsukewa idan ta ji zafi. Idan ka sami mai faɗi, ka naɗa zare a karkace da tazara, ka zura ta a kai, ka tsuke ta da iska mai zafi kana juya sandar. Kada ka kai ta bakin harshen wuta.

TAMBAYA: Ni da gora nake fatsa tun ina yaro, kuma ita nake so in yi wa jikana. Gindinta ne yake tsagewa duk hunturu.
Baba Audu, Rafin Guza

AMSA: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Iskar hunturu ce take zuƙe danshin gorar da sauri, sai ta tsage daga bakin yanka. Ku zaɓi gorar da ta ƙosa, ku shanya ta a inuwa ba a rana ba, kuma ku yanke ta dab da ƙasan gaɓa domin gaɓar ta zama murfin gindin. Sai a yi mata naɗin zaren da na bayyana a sama, kamar taƙi guda da rabi, wanda zai ɗaure gorar ya kuma zama mariƙi. Doguwar gora ba ta daidaituwa a tafin hannu komai aka ɗaura mata, don haka ku koya wa yaron ya riƙe ta sama da gindi kaɗan, ragowar ta kwanta ƙarƙashin hannunsa zuwa gwiwar hannu. Ku auna kaurin da tafinsa, ba da naku ba.

TAMBAYA: Na ga sanduna masu mariƙin kok a intanet, ina so in cire soson tawa ta kabon in sa irinsa, kuma in ƙara tsawon gindin. Mazaunin injin ma yana juyawa. Zan iya yi da kaina?
Abdulhadi, Barnawa

AMSA: Za ka iya, Malam Abdulhadi, amma wannan aikin ba ya karɓar gaggawa. Kok ɓawon wani itace ne da Fotugal ta fi kowace ƙasa samarwa, ana ɓare shi duk bayan shekara 9 ba tare da an sare itacen ba. Ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙin soso, kuma yana isar da motsin zare zuwa hannu da kyau. Sai dai yana da tsada, ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba sai an yi oda, kuma mai araharsa cike yake da ramuka da aka toshe da gari, wanda ke zubewa bayan damina ɗaya. Idan sosonka lafiyayye ne, ban ga dalilin cire shi ba.

Idan ka ƙudura, ka tsaga soson da reza a tsaye, kana ɗaga bakin rezar sama, domin ƙarcewa guda a jikin kabon, wato baƙaƙen zaruruwan da aka yi sandar da su, ta isa ta zama wurin karyewa. Ka goge tsohon gam da samfefa mai laushi. Sandar tana sirancewa zuwa sama, saboda haka sabon mariƙin da mazaunin injin ba za su zauna daidai ba sai ka yi musu ciko: ka naɗa salatif na takarda zobe-zobe, da tazarar yatsa guda, har mazaunin ya shiga da ɗan matsi. Ka yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda yake ɗaukar sa'o'i kafin ya kama, ba mai minti biyar ba, kuma ba Super Glue ba, domin shi yana ƙandarewa ya fashe idan sanda ta lanƙwasa. Ka cika tsakanin zobban salatif ɗin da gam, ka tura mazaunin, ka ɗaura injin, ka hango ta tsawon sandar ka tabbatar ya yi layi ɗaya da zobban zare kafin gam ɗin ya kama. Ka bar shi kwana ɗaya cur.

Batun tsawo kuwa, ka gwada kafin ka liƙa. Ga mai jifa da hannu ɗaya, gindin ya tsaya kafin gwiwar hannu, in ba haka ba zai riƙa kama hannun kaftani a kowace jifa. Ga mai neman giwan ruwa ko babbar tarwaɗa a ruwa mai zurfi, dogon gindi da za a tokara a cinya ko ƙugu ya fi. Ana ƙara tsawon ne da guntun wata karyayyiyar sanda da zai shiga cikin gindin aƙalla santimita 8 zuwa 10, a liƙe da gam ɗin nan, a naɗe mahaɗar da zare. Kuma ka sani cewa kabon yana ɗaukar lantarki, kuma ba kok ko roba da za su kare ka, don haka ka duba sama ko akwai wayar wuta kafin ka yi jifa, ka kuma kwantar da sandar ka bar bakin ruwa da zarar hadari ya fara walƙiya.