Tambayi Likita: Garkuwar jiki na karɓar maganin nano kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Yayata ce ke fama da sankarar mama, yanzu an canza mata kemo zuwa Abraxane wai na nano ne. Na gani a intanet wai kai tsaye yake zuwa kan ciwon, wasu kuma sun ce garkuwar jiki ba ta yarda da shi. Don Allah wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne.

Abraxane ɗin nan tsohon maganin paclitaxel ne, mazubinsa kawai aka canza. Shi paclitaxel ba ya narkewa a ruwa, da sai an haɗa shi da wani sinadari na man zurma, to shi wannan sinadarin ne ke sa wasu jiki ya rikice numfashi ya sarƙe, shi ya sa ake fara ba da sitiroyid. A Abraxane sai aka naɗe shi da furotin ɗin jini, albumin, ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai da ido ba ya iya gani, kamar nanomita 130 (shi ya sa ake ce masa na nano), cikin minti 30 an gama ƙarin ruwan. Amurka ta amince da shi a 2005.

Maganar kai tsaye kam an zuzuta, kuma tana damuna don tana sa iyalai dogon buri. Garkuwar jiki ba ta san magani ba, baƙo kawai take gani, akwai ƙwayoyin da ke gadi a hanta da saifa suna haɗiye irin waɗannan ƙananan abubuwa tun kafin su yi nisa. Wani nazari na 2016 kan gwaje-gwajen dabbobi ya nuna kusan kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin nano da aka zuba a jiki ne ke isa ƙarin sankarar. Doxil, wani maganin kemo na nano na 1995, an lulluɓe shi da wani sinadari mai suna PEG don ya ɓuya wa garkuwar jiki, ya daɗe a jini kuma ya rage illa ga zuciya, amma wasu jikinsu na gane PEG ɗin ma, fuska ta yi ja ƙirji ya ɗaure lokacin ƙarin ruwa.

Abraxane yana aiki, sai dai har yanzu kemo ne fa, yana rage fararen ƙwayoyin jini, yatsu su riƙa mutuwa. In ta ji zazzaɓi bayan an yi mata kar ku jira gari ya waye, ku kai ta asibiti, mutuwar yatsun ma ta gaya wa likitanta da wuri don ana iya rage yawan maganin.