Me ya sa ake zana sarakunan Indiya ta gefe, da da'irar haske a bayan kai?

Malam, ka yi tambaya a kan hotunan sarakunan Mugal, wato daular Musulmi da ta taɓa mulkin Indiya, me ya sa fuska ke kallon gefe kuma aka kewaye kai da haske. Ba ado ba ne kawai.

Sarki Humayun ne ya zo da masu zane biyu daga Farisa (Iran ta yau), Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. Ɗansa Akbar (ya yi mulki 1556 zuwa 1605) ya sa aka riƙa zana fadawansa da ainihin kamanninsu. Zanen gefe ya kankama ne a zamanin Jahangir (1605 zuwa 1627). Sarki ba ya haɗa ido da mai kallo, wannan kuwa kwarjini ne.

Hasken yana da tushe biyu. Farisawa sun daɗe suna cewa sarauta haske ce daga Allah. Sannan limaman Katolika da suka iso fadar Akbar a 1580 sun zo da hotunan waliyyansu masu irin wannan da'ira, sai masu zanen fada suka ara.

Ni dai wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne aikin wani mai zanen fada, Bichitr: Jahangir zaune a kan agogon yashi, yana miƙa wa wani shehin Sufaye littafi, ya bar Sarkin Usmaniyya na Turkiyya da Sarki James na Ingila suna jira a ƙasa. In ka samu hoton, ka ƙura wa gemun shehin ido. Da burushin gashin kurege ake fitar da irin wannan, sili-sili, sannan a goge takardar da dutse mai santsi har zinariyar ta yi ƙyalli.

Daga baya fadojin Rajput, wato na sarakunan Hindu, kamar Jodhpur da Bikaner suka ɗauki salon.