Tambaya da Amsa: Ceto, Lada da Jimiri Cikin Bangaskiya

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Tun ina amarya nake cikin Zumuntar Mata, yanzu ga ni da jikoki. Sharar majami'a, dafa wa baƙi abinci, ziyarar marasa lafiya, ba wanda ban yi ba. Ran Lahadi aka yi mana wa'azi a kan ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, aka ce ya shiga Firdausi bai yi aikin komai ba. To ni wahalar me nake sha? Ni da shi ɗaya ne ke nan? Daga wata uwa a Biliri.

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Tambayarki ta haɗa abu biyu da Littafi Mai Tsarki ya raba, wato ceto da lada. A maganar ceto kam, ke da mutumin nan na Luka 23:39-43 ɗaya ne, ba ki fi shi da ko ƙwayar gero ba. Afisawa 2:8-9 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fariya. Sai dai mutane da yawa a aya ta 9 suke rufe littafin. Aya ta 10 ta ci gaba da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya. Shararki da tukunyarki suna cikin aya ta 10.

Ki buɗe 1 Korantiyawa 3:10-15, ki karanta a hankali. Manzo Bulus ya ce harsashi ɗaya ne, Yesu Almasihu, ba mai sa wani. A kansa kowa yake gini, kuma ya lissafa kayan gini shida: zinariya, azurfa, duwatsu masu daraja, itace, ciyawa da kara. Ranar Ubangiji wuta za ta gwada aikin kowa. Wanda gininsa ya tsaya zai karɓi lada. Wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, shi kansa zai tsira, amma kamar wanda ya kuɓuto ta cikin wuta. Duk wanda ya taɓa ganin gobara ta kama ɗakin ciyawa da hunturu ya san hoton: mai ɗaki ya fito da ransa, daga shi sai rigar jikinsa.

Me wutar take gwadawa? Da fari niyya. A Matiyu 6:1-4 Yesu ya ce mai ba da sadaka don a gani ya riga ya karɓi ladansa, babu saura. Sai aminci gwargwadon abin da aka ba mutum. A Matiyu 25 bawan da aka ba talanti (wani babban ma'aunin kuɗi) biyar da wanda aka ba biyu, yabo iri ɗaya suka samu, kalma da kalma. Ba a raina ƙaramin aiki kuma, domin Matiyu 10:42 ta sa ko ƙoƙon ruwan sanyi cikin lissafi.

Inda muke ji miki tsoro, Mama, shi ne wannan "ni da shi ɗaya ne?" Ita ce maganar ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20:1-16. Tun asuba suka shiga gona, wasu ba su zo ba sai ƙarfe biyar na yamma, aka ba kowa dinari guda, na asuba suka yi ta gunaguni. Auna aikinki da na wani shi ne abin da ke mai da zinariya kara. Ga abin da za ki gwada: kowane wata ki zaɓi hidima guda da ba wanda zai sani, ko mudun masara ga wata gwauruwa, ko kuɗin magani ta hannun wani. Idan zuciyarki ta yi ƙaiƙayin a sani, kin ga inda za ki sa addu'a.

Tambaya: A wani taron farkawa mai wa'azi ya ce duk wanda ya shuka iri na naira dubu hamsin, Allah zai mayar masa ninki ɗari kafin ƙarshen shekara. Ina so in ci bashi in bayar. Ya halatta? Daga wani ɗan kasuwa a Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ci bashin nan. Maganar ninki ɗari daga Markus 10:29-30 ake ɗauko ta, kuma in ka karanta za ka ga Yesu yana magana ne a kan waɗanda suka bar gida da dangi da gonaki saboda shi da bishara. Ya kuma haɗa alkawarin da tsanani, abin da ba a cika faɗa a irin waɗannan tarurruka ba. Babu adadin kuɗi a wurin, babu wa'adi. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsauta masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Ka ba da baikonka yadda ka yi niyya a zuciyarka, ba da tilas ba (2 Korantiyawa 9:7), daga abin da kake da shi, bayan ka ciyar da iyalinka (1 Timoti 5:8). Ka kuma bayar a inda ake karanta rahoton kuɗi a gaban membobi.

Tambaya: Shekara uku da yi mini baftisma. Da farko ina cike da zafi, yanzu addu'a ta zama mini nauyi, nakan yi wata ban buɗe Littafi ba. Na karanta Ibraniyawa 6:4-6, inda aka ce ba shi yiwuwa a sake jawo waɗanda suka ridda zuwa ga tuba, na tsorata. Ceto yana ɓacewa ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗanmu, a kan wannan tambaya ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba, kuma gara ka sani. Masu bin koyarwar malamin tauhidi Kalbin, wadda taron ikilisiyoyi na garin Dort a ƙasar Holan ya tabbatar a 1618 zuwa 1619, sun ce wanda aka haifa ta Ruhu Allah zai riƙe shi har ƙarshe. Hujjarsu Yahaya 10:27-29 da Filibiyawa 1:6, kuma sukan ce wanda ya tafi bai dawo ba dama ba na ciki ba ne (1 Yahaya 2:19). Masu bin malaman tauhidi Arminiyus da Wesli sun ce mai bi na gaske yana iya juya baya da gangan ya hallaka, suna kafa hujja da ayoyin da suka tsorata ka. Amma ka lura, dukansu sun yarda da abu biyu: wanda ya jure har ƙarshe shi zai tsira (Matiyu 24:13), kuma ba mai jurewa da ƙarfin kansa. Sun kuma yarda cewa Ibraniyawa 6 tana magana a kan mai ƙin Almasihu a fili da taurin zuciya. Mai irin wannan zuciya ba ya rubuto wasiƙa yana tsoro.

Sanyin da kake ji yana da dalili, sai ka bincika. Ko akwai zunubin da kake ɓoyewa? Ka furta shi (1 Yahaya 1:9), in akwai haƙƙin wani a ciki ka mayar. Ko ka daina zuwa sujada tun da ka bar gida? Ibraniyawa 10:25 a kan wannan ta yi gargaɗi. Wani lokaci kuma gajiya ce kawai, mutum yana kan waya har ƙarfe biyu na dare, da asuba ya ce Ruhu ya bar shi.

Kuskuren da masu son farfaɗowa suka fi yi shi ne ɗaukar babban wa'adi, azumin kwana bakwai ko sura goma a rana, su karye a kwana na uku, su ƙara yanke ƙauna. Ka fara da minti goma sha biyar a lokaci guda kullum. Markus sura 16 ce, sura ɗaya a rana, cikin kwana goma sha shida ka gama. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, da sura ɗaya a rana ba zai kai ka wata tara ba. Ranar da bakinka ya rasa abin faɗa, ka karanta Zabura da murya ta zama addu'arka, ka fara da ta 42 da ta 51. Ka sami ɗan'uwa guda a zumuntar ɗalibai da zai tambaye ka kowane mako inda ka tsaya. In ka tsallake rana, kada ka rama, ka ci gaba daga inda kake.

Tambaya: Ni dattijon ikilisiya ne. Masu ɗauke da makamai sun tare motar da wani membanmu yake ciki, aka sa masa bindiga, ya ce shi ba Kirista ba ne, ya faɗi wani suna. Aka sake shi, aka kashe wasu a gabansa. Tun daga nan ya daina cin Jibin Ubangiji, yana zama a bencin baya, ya ce Matiyu 10:33, inda Yesu ya ce zai yi musun duk wanda ya yi musunsa a gaban mutane, ta riga ta yanke masa hukunci. Majalisar dattawa ta rabu biyu, wasu sun ce a sa shi a horo, wasu sun ce a yi shiru. Me za mu yi? Daga kudancin Borno.

Amsa: Baba, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Wannan wasiƙa ta taɓa mu ƙwarai, domin mun san ba a ikilisiyarku kaɗai take ba. Tun daga 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok aka kuma tarwatsa ikilisiyoyi da yawa na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), akwai masu ɗauke da irin wannan nauyi a ɓoye.

Ba za mu ce muku abin da ya yi ba komai ba ne. Musun Ubangiji zunubi ne, shi ma ya sani, shi ya sa ya koma baya. In kuka yi shiru, zai fassara shirunku da cewa babu magani. Amma horo ma ba wurinsa ba ne. Matakan Matiyu 18:15-17 an shirya su ne don wanda ya ƙi jin magana, wannan kuwa ya riga ya karye.

Yesu da ya faɗi Matiyu 10:33 shi ne ya dawo da Bitrus. Bitrus ya yi musu sau uku, har da rantsuwa, kuma ba takobi aka sa masa ba, baranya ce ta fara tambayarsa a bakin wuta. Ya fita ya yi kuka mai zafi (Luka 22:54-62). Bayan tashin Yesu daga matattu, sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sau uku ya danƙa masa tumakinsa (Yahaya 21:15-17). Hukuncin Matiyu 10:33 yana kan wanda ya zauna cikin musunsa, ya ƙi dawowa.

Ikilisiyar farko ta sha wannan gardama taku. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Wasu masu bi suka mutu, wasu suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsananin ya lafa, wani limami a Roma mai suna Nobatiyan ya ce ba za a sake karɓar waɗanda suka faɗi ba. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara bishop-bishop a 251, suka yanke cewa a duba kowa da halinsa, a karɓi masu tuba bayan lokacin gwaji, kada kuma a bar mai tuba ya mutu a waje da zumunci. Wannan hanya ce ikilisiya ta bi, aka ƙi ta Nobatiyan.

Ga abin da muke ba ku shawara. Fasto da dattijo guda, wanda mutumin ya amince da shi, su je gidansa, kada a kira shi gaban majalisa. Ziyarar farko ta sauraro ce, a bar shi ya faɗi abin da ya gani har ya gama, ba a katse shi da aya. A ta biyu ku karanta Luka 22 da Yahaya 21 tare, shi ya karanta da bakinsa. Sa'an nan ya furta zunubinsa ga Allah a gabanku, ya sake shaida cewa Yesu Ubangijinsa ne, fasto kuma ya faɗa masa a fili, da sunansa, cewa bisa ga 1 Yahaya 1:9 an gafarta masa. Kada ku sake yi masa baftisma, domin hakan zai koya masa cewa ta farko ta lalace. Kada ku tilasta masa tsayawa gaban jama'a. In labarin ya riga ya bazu, jimla biyu daga bakin fasto sun isa, da yardarsa. A Jibin Ubangiji na gaba dattijon nan ya zauna kusa da shi su ci tare. Jinkiri yana da haɗari, Bulus ya gargaɗi Korantiyawa su gafarta wa mai tuba su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:7). Bayan wata biyu ko uku ku mai da shi ga hidimar da yake yi a da, ko ƙungiyar mawaƙa ce ko karɓar baƙi a ƙofa.

Abu biyu sukan ɓata wannan aiki. Na ɗaya, a riƙa kwatanta shi da waɗanda aka kashe a motar, musamman a wa'azin tunawa da su. Ku girmama su, kambin rai na Wahayin Yahaya 2:10 nasu ne, amma ku gargaɗi masu wa'azi kada su mai da jana'izarsu bulala ga wanda ya rayu. Ku kuma ziyarci iyalansu dabam, domin ganinsa da rai yana iya yi musu ciwo. Na biyu, a ɗauki ciwon firgita a matsayin rashin tuba. Idan yana mafarkin abin da ya faru, yana zabura da ƙarar babur, ba ya barci, ba ya cin abinci, wannan rauni ne da bai warke ba, ku raka shi wurin likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, ku ci gaba da addu'a tare da shi. In ya taɓa cewa gara ma ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, a kuma sanar da matarsa ko wani babba a gidansu abin da ya faɗa.