Tambayoyi da amsoshin lafiya: zuwa rumfar zaɓe a lokacin korona

A watan Disamban 2020, akasarin tambayoyin da suka zo wannan fili sun karkata ne ga zaɓe, ganin cewa Ghana ta yi nata ranar 7 ga wata, Nijar kuma tana shirin zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar dokoki ranar 27, a daidai lokacin da masu kamuwa da korona suke sake ƙaruwa. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Kowa yana tsoma yatsa a tawada guda. Shin ba za a ɗauki cutar ta nan ba? (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, hatsarin tawada kaɗan ne ƙwarai, domin cutar ba ta ratsa fatar yatsa. Ki wanke hannu da sabulu idan kin fito, kada kuma ki taɓa ido ko hanci kafin nan. Abin tsoron shi ne numfashin wanda ya matse ki a layi.

Tambaya: Idan na rufe hanci da baki da rawani, matata kuma ta ja mayafi, ya wadatar? (Wani mai karatu daga Agadas)

Amsa: Ya fi babu, amma bai wadatar ba, musamman mayafi mai shara-shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar takunkumin yadi mai ninki uku, kuma tela yana iya ɗinka shi da ƙyallen atamfa. A sa shi a ƙarƙashin rawanin ko mayafin, ya rufe hanci, kada ya tsaya a haɓa.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70, yana da ciwon suga da hawan jini. Kwana huɗu ke nan yana tari da zazzaɓi, ya ce hunturu ne kawai, kuma korona ciwon Turawa ce da zafin ƙasarmu ke kashewa. Wani maƙwabci ya kawo masa kulorokwin ya ce ya riƙa sha safe da yamma don rigakafi, idan ranar zaɓe ta zo kuma ya haɗa da farasitamol don kada ma'aunin zafi ya nuna komai. Bai taɓa fashin zaɓe ba. Me zan yi? (Wani matashi daga Damagaram)

Amsa: Ɗana, ka ajiye maganar zaɓe tukuna. Baba yana bukatar ganin likita yau, ba gobe ba. Dattijo mai suga da hawan jini da ya kwana huɗu da zazzaɓi da tari, ko korona ce, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, babu ɗaya daga cikinsu da ake zama da shi a gida ana jiran sauƙi. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana kawo tari da mura, amma gwaji ne yake rabe su, ba ido ba. Wani abin da ya sa na matsa shi ne korona tana da yaudara: sau da yawa mutum yakan yi mako guda kamar yana jurewa, sai a cikin mako na biyu numfashi ya sarƙe, wani ma iskar oksijin ta jininsa tana sauka alhali yana zaune yana hira.

Maganar kulorokwin kuwa, wallahi ta ishe ni. Wannan magani an gwada shi, ba a yi masa rashin adalci ba. A Birtaniya an gudanar da babban gwaji a kan marasa lafiya fiye da 4,000, aka ba wasu irin wannan magani, wasu ba a ba su ba, kuma a watan Yunin 2020 aka sanar cewa bai rage mutuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta dakatar da shi a nata gwajin. Illarsa kuwa sananniya ce: idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya har ta tsaya, sannan yana saukar da sugan jini. Ka duba lamarin Baba, wanda ya riga yana shan maganin saukar da suga, ga zazzaɓi ya hana shi cin abinci, a ƙara masa kulorokwin safe da yamma. Irin wannan ne ake tarar da mutum da asuba ya jiƙe da gumi, ba ya amsa kira, a ce iska ce ta buge shi. Tun watan Maris hukumomin lafiya na Legas suka ba da labarin mutanen da aka kwantar saboda sun sha shi fiye da kima. Ka karɓe ƙwayoyin nan, ka tafi da su wurin likita, ka faɗi adadin da ya riga ya sha. Maƙwabcinku yana nufin alheri, na sani, amma waɗanda suka tayar da 'yan uwansu da tsakar dare a 2014 suka ce su sha ruwan gishiri don maganin Ebola su ma alheri suka nufa, kuma an rasa rayuka a Najeriya saboda haka.

Zancen cewa zafi yana kashe cutar, a tambayi mutanen Kano abin da suka gani a watan Afrilun 2020, tsakiyar bazara, lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, kuma yawancin waɗanda aka binne dattawa ne irin Baba. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce bincike ya nuna rabi ko fiye na waɗannan mace-macen suna da alaƙa da korona.

Dabarar farasitamol ita ce ta fi ɓata mini rai. Maganin yana saukar da zafin jiki na 'yan sa'o'i, amma ba ya taɓa ƙwayar cutar. Wanda ya sha don ya yaudari ma'auni zai tsaya ne a layin dattawa, wato a tsakiyar sa'o'insa da suka fi kowa rauni, waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci, yana tari a kansu. Ka faɗa masa haka cikin ladabi, domin na tabbata mutumin da bai taɓa fashin zaɓe ba ba zai so ƙuri'arsa ta zama sanadin kwanciyar abokinsa ba. Akwai sauran kwanaki. Idan an gwada shi aka yi masa magani ya warke, likitansa zai gaya muku ko zai iya fita. Idan kuwa ka ga numfashinsa yana sama-sama, ko ƙirji yana ciwo, ko ya fara ruɗewa, ko leɓunansa sun sauya launi, to ko tsakar dare ne a nemi mota. Kai ma ka sa takunkumi idan kana jinyarsa, a buɗe tagar ɗakin.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, an ɗauke ni aikin rumfar zaɓe. Yaya zan kare kaina? (Daga Tawa)

Amsa: Malam, ku ne kuka fi masu zaɓe shiga hatsari, domin su minti kaɗan za su yi, ku kuwa wuni za ku yi har a kai ga ƙidaya da dare. Idan aji aka ba ku, ku buɗe tagogi da ƙofa duka ko da ƙura tana shigowa, layi ya tsaya a waje, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Ka tafi da takunkumi biyu ko uku, domin wanda ya jiƙe ya rage amfani. Lokacin cin abinci da lokacin ƙidaya, da wakilan jam'iyyu suke rufuwa a kan tebur, nan ne ake sakaci. Safar hannu da aka wuni da ita ba ta fi hannu tsabta ba. Buta da sabulu sun fi ta. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin mako biyu bayan zaɓen, ka je asibiti ka faɗi aikin da ka yi.

Tambaya: Ba gara a ɗage zaɓen Nijar ɗin ba, ko a rage rumfuna? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ɗagewa hukuncin 'yan siyasa da kotuna ne, kuma wasu sun yi, kamar Habasha da ta ɗage nata na watan Agusta. Amma rage rumfuna, a matsayina na likita, kuskure ne. A birnin Milwaki na Amurka, a watan Afrilu, wuraren zaɓe kusan 180 aka mayar 5, sai jama'a suka yi sa'o'i a dogayen layuka. Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar ranar 15 ga Afrilu: an auna zafin kowa, wanda ya haura digiri 37.5 aka kai shi rumfa ta daban maimakon a kore shi, waɗanda ke killace suka jefa ƙuri'unsu bayan kowa ya gama, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe kuma sun kaɗa tun kafin ranar. Kashi 66 cikin 100 ne suka fito, abin da ba a gani ba a zaɓen majalisarsu tun 1992. Ko ba mu da kuɗinsu, muna da inuwar bishiya, da igiyar ja layi, da al'adar gabatar da tsofaffi da masu ciki.

Tambaya: Man tsabtace hannu yana da sinadarin barasa. Wani ya ce a ɗiga kaɗan a shayi don ya kashe cutar a maƙogwaro. (Daga Konni)

Amsa: Kada a kuskura. A Iran ɗaruruwan mutane sun mutu a 2020, wasu sun makance, saboda shan irin wannan sinadari da sunan magani. Na hannu ne kawai, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 sun ishe shi. Idan wani ya riga ya sha, a garzaya da shi asibiti da kwalbar a hannu.